Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Jigawa: a tsare mana ruwan sha kafin injinan sola su cika kwarin Haɗeja

Zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ya ɗora maka, na rubuto ne daga ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan kwarin Haɗeja, irin garuruwan da ba su da komai sai kasuwar mako, da fadama, da tankin ruwa guda a tsakiyar gari. Roƙona ɗaya ne, kuma gara in faɗe shi tun daga farko. Kada a ƙara amincewa da wani aikin sola a irin waɗannan garuruwa, na ban ruwa ne, ko na wutar gari, ko babbar tasha, sai an fara sanin inda garin yake shan ruwa, an shata wurin, an kuma kare shi a rubuce. Na buɗe wasiƙar ne don 'yan majalisar dokoki da shugabannin ƙananan hukumomi da iyayenmu sarakuna su ma su gani, domin maganar ta shafe su duka.

Ina cikin masu son sola, kuma duk wanda ya zauna a karkara tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur, ya san dalili. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Injinan famfon gari da ke shan mai suka riƙa kwana su yini a kashe. 'Yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka, ba don mugunta ba, don su ma da tsada suke saye. Manomin rani ya tarar rabin abin da zai samu ya tafi gidan mai tun shinkafa ba ta yi ciki ba. A wannan hali, faifan sola ya zo mana a matsayin rahama. Ya sa ruwa ya dawo famfo, ya riƙe firjin allurar rigakafi a asibitin gari, ya ba mai markaɗe da tela da mai cajin waya damar buɗe shago da safe ba tare da lissafin galan ba. Jiharmu ma ba baƙuwa ba ce a wannan harka, domin tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka gwada wutar sola a ƙauyuka irin su Wawan Rafi da Ahoto.

Abin da ke tafe ya fi abin da ya wuce yawa nesa ba kusa ba. A watan Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa wutar sola a Najeriya ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, da nufin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. A shekarar ce kuma aka gyara tsarin mulki, aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami ikon tsara harkar wutarsu da kansu. An daɗe ana maganar katafariyar tasha mai megawat 1,000 a Gwiwa. Ga injinan ban ruwa masu aiki da rana da gwamnati da ƙungiyoyi ke rabawa, ga waɗanda manoma ke saye da kuɗinsu a kasuwa, kuma waɗannan na biyun su ne ba wanda yake ƙirgawa. Abin da aka shimfiɗa cikin 'yan shekarun nan shi garuruwanmu za su zauna a kai na dogon lokaci, domin faifan sola mai kyau yana haura shekara 20 yana aiki.

Ga inda damuwata take, ranka ya daɗe. Shekara da shekaru, tun da aka fara baza ƙananan rijiyoyin fadama da injinan fetur a shekarun 1980, shirin Fadama kuma ya ƙara yaɗa su a shekarun 1990, a aikace ba doka ce ta taƙaita ruwan da manomi ke ja daga ƙasa ba. Kuɗin mai ne ya taƙaita shi. Manomi yana tsaye a kan injinsa, yana kallon ruwa na bin kwali, da zarar fangali na ƙarshe ya sha sai ya kashe, saboda kowane minti kuɗi ne. Yau wannan birki ya cire. Injin sola yana tashi da hantsi, ba ya tsayawa sai rana ta yi sanyi, kuma ba ya cin ko sisi. Ka bi ta fadama da azahar a watan Maris za ka ga gonar da ta ƙoshi tun da walaha, ruwa ya tumbatsa ya tsallake kunya yana malala cikin hanyar kura, mai gonar kuwa yana gida ko kasuwa. Ba na ganin laifinsa, domin babu abin da ke ce masa ya kashe. Wanda a da yake noma kadada ɗaya saboda ƙarfin aljihunsa ke nan, yanzu yana neman uku. Wanda yake shuka gero da riɗi a tudu ya fara tunanin ya haƙa burtsatse ya sa shinkafa ko kankana.

A yi lissafi mai sauƙi. Ruwa mai zurfin milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Shinkafar rani a irin zafinmu tana iya shan ruwa mai zurfin mita 1 daga dashe zuwa yanka, wani lokaci ma fiye, wato lita miliyan 10 a hekta guda. Mafi ƙarancin ruwan da ake ƙiyasta wa mutum ɗaya a rana don sha da girki da ɗan tsafta lita 20 ne. Garin da ke da mutum 10,000 yana buƙatar lita 200,000 a rana ke nan. Ashe hekta ɗaya ta shinkafar rani tana shan abin da zai riƙe irin wannan gari kwana 50. Gaskiya ne wani kaso na ruwan ban ruwa yana komawa ƙasa, amma mai yawa rana da iska da ganye ke ɗauke shi. Idan aka zagaye gari da hekta ɗari biyu ko uku, duk suna zuƙa daga ƙarƙashin ƙasa ɗaya, ba sai an kira masani ba kafin a gane wa zai fara jin jiki.

Kuma ruwan nan na ƙasa ba daga sama kawai yake zuwa ba. Daminarmu gajera ce, wata uku zuwa huɗu, ruwan da ke sauka a wannan yanki a shekara kuma bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da zafin da ke busar da shi. Abin da ke cika cikin ƙasar kwarin nan shi ne malalar kogin Haɗeja, lokacin da yake fita daga bakinsa ya kwanta a fadamu makonni yana tsattsafewa cikin yashi. Kogin kuwa daga Kano yake zuwa, daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda yake zuwa ya canza. Dausayin Haɗeja da Nguru ya ragu ƙwarai daga yadda iyayenmu suka san shi. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse shekara zagaye, wani wuri kuma ruwan ya daina zuwa gaba ɗaya. Mutanen Guri da Kirikasamma da Birniwa sun fi kowa sanin wannan labari. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da rai, kuma za su gaya maka cewa rijiyar da ake ganin ba ta ƙafewa tana ƙafewa. Shekarun nan na ruwa mai yawa da ambaliya kada su sa mu manta cewa fari yana dawowa, kuma ranar da ya dawo zai tarar da dubban injina da babu su a wancan karo.

A kudanci da yammacin jihar, wajen Birnin Kudu da Dutse da Kazaure da Roni, lamarin ya ma fi tsauri, domin ƙasar dutse ce, ruwan yana maƙale ne a tsaguwar duwatsu, ba shimfiɗe yake ba kamar namu na gabas. Burtsatse biyu da aka haƙa kusa da juna a can suna iya kashe juna cikin rani ɗaya.

Idan ruwa ya yi ƙasa, ba kowa yake shafa daidai ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Mai hali zai kira masu haƙa su ƙara zurfi, ya ƙara faifai biyu, ya ci gaba da harkarsa. Rijiyar cikin gida, wadda kakanni suka gina da hannu, ita ke fara komawa taɓo. Daga ita sai tuƙa-tuƙar unguwa, yara su yi ta bugawa tana fitar da iska da ɗan jan ruwa. Daga nan sai 'yan mata su ɗauki bokiti su nufi bayan gari tun asuba, makaranta ta wuce su. Makiyayi ya iso mashayar da ya saba ya tarar da busasshen laka, ya karkata da shanunsa zuwa inda ya ga ruwa, wato bakin gonar wani, kuma mun san abin da ke biyo bayan haka. Wanda bai ci ribar shinkafar ba shi ke biyan kuɗin ruwan da ta sha.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hanya. A Yaman, yaƙin da ya tsananta tun 2015 ya sa man gas ya yi wuya, manoma suka koma injinan sola, kuma a 2021 masu bincike da suka yi amfani da tauraron ɗan'adam suka ba da rahoton cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa a yammacin ƙasar ya sauka zuwa inda bai taɓa sauka ba tun da aka fara aunawa a 2002. A Indiya kuwa, a wani ƙauye mai suna Dhundi da ke jihar Gujarat, manoma sun kafa ƙungiya a 2016, aka haɗa faifansu da layin lantarki, kamfanin wuta yana sayen abin da suka rage. Manomin da ya san cewa idan ya kashe injin ruwa wutar za ta zama kuɗi a aljihunsa, ba sai an tura masa ɗan sanda ba, da kansa zai kashe. Wannan dabara ta dace da mu. A garin da za a kafa ƙaramar tashar sola, a tsara ta yadda rarar wutar manoma za ta tafi injin casar shinkafa, ko ɗakin sanyi na masu kifi da tattasai, ko injin ƙanƙara, a biya su. Idan ba a yi wannan tunani tun wajen zanen aikin ba, daga baya gyaran yana da tsada.

Abin da nake roƙo a kan noman rani ba hani ba ne. Noman rani shi ya riƙe matasanmu a gida, shi ya rage tafiya ci-rani, kuma da shi jihar nan take alfahari a shinkafa da alkama. Ina roƙon a auna. A kowane gari a ware rijiya ɗaya ko biyu da ba a jan ruwa a cikinsu, a riƙa zura igiyar awo sau ɗaya a wata, a rubuta zurfin ruwan a littafi, a kuma manna shi inda jama'a za su gani. Malamin kimiyya na sakandaren gari da ɗalibansa za su iya wannan aiki idan aka ba su kayan awon da ɗan abin sabulu. Bayan shekara uku kowa zai ga da idonsa ko ruwan yana dawowa bayan damina ko yana ta yin ƙasa, kuma hukunci zai tsaya a kan hujja. A yi rajistar duk burtsatsen ban ruwa, kyauta, a san inda take da zurfinta. Injin da gwamnati za ta raba ya zama daidai girman gonar, a haɗa shi da bututu maimakon buɗaɗɗen kwali da ke shanye ruwa a hanya. A kewayen rijiyoyin da gari ke sha kuma a shata iyaka, wadda masana ruwa za su ƙayyade bisa yanayin ƙasar wurin, a ce cikin nan ba a haƙa burtsatsen noma.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutane sun yi tarayya cikin abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin harimin rijiya, wato filin da ke kewaye da ita wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwanta a cikinsa ba, sun kuma gabatar da shan mutum da na dabba a kan ban ruwan gona. Dokar albarkatun ruwa ta ƙasa ta 1993 ita ma ta amince wa kowa ya ɗebi ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi. Idan aka je wa manomi da wannan magana ta bakin limaminsa da bulamansa, zai karɓa, domin matarsa da 'ya'yansa ma daga wannan tanki suke sha.

Yanzu in dawo kan tankin cikin gari, wanda aka mayar da shi sola, muka yi murna. A zo a dube shi da kyau. A wurare da yawa ba a sa masa abin da zai kashe injin idan tanki ya cika ba, don haka daga azahar ruwa ke zuba daga sama kamar indararo. Ƙarƙashinsa ya zama kududdufi, kore shar, awaki da jakuna suna sha suna kashi a ciki, sauro yana ƙyanƙyasa, yara suna wanka. Daɓen simintin da ke bakin burtsatsen ya tsage, wannan ƙazamin ruwa kuma yana bin jikin bututu yana komawa inda ya fito. Da yamma, lokacin da mata suka gama aikin gida suka fito ɗiba, rana ta faɗi, tankin ƙarami ne, kafin layi ya kai rabi ya ƙare. Ruwan da aka zubar da rana shi ake nema da magariba. Abin kashe injin nan kuɗinsa bai kai na faifai ɗaya ba. Tanki mai girman da zai riƙe gari kwana biyu, da kwalbatin da zai kai rarar ruwa can nesa inda dabbobi za su sha, da shingen waya, duk abubuwa ne da ya kamata su shiga cikin takardar kwangila tun farko, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai mutanen gari sun shaida an yi su.

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Abin alfahari ne, kuma talakawa ne suka haƙa masan da hannunsu. Sai dai yawan masai yana nufin yawan ramuka a cikin gari, kuma a ƙasar yashi inda ruwa yake kusa, abin da ke cikin ramin yana tafiya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiyar sha, masan kuma ya kasance ta gangare. Injin sola da ke ja yini guda yana janyo ruwa daga nesa fiye da tuƙa-tuƙa, don haka a irin ƙasarmu tazarar nan ma kamata ya yi a ƙara ta. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 3,000, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, da ruwa ya shafe gonaki da gidaje, ya haɗe masai da rijiya. Duk burtsatsen da za a haƙa a kwarin nan a ɗaga bakinta sama da inda ruwan 2022 ya tsaya. Alamar tana nan a jikin bangaye da itatuwa, kowane yaro zai nuna ta. Na'urorin solar ma haka, a ɗora su bisa tudu.

Sai maganar batir, wadda ba na jin ana yin ta ko kaɗan. Yawancin batiran da ke gidajenmu da shagunanmu na dalma ne, kuma a zafin nan shekara biyu ko uku suke yi su mutu. Ina suke zuwa? 'Yan gwangwan ke saye. Na ga yaron da bai wuce shekara goma sha biyar ba ya durƙusa a bayan kasuwa yana fasa batir da adda, ya tuntsurar da ruwan asid ɗin a ƙasa, ya zaro faranten dalmar da hannu ba safa, ga mai kifi tana suya a gefe, ga rijiya ba nisa. Dalma ba ta ruɓewa, kuma babu wani adadinta da aka sani ba ya cutar da yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, cutar kuma ba ta warkewa. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu da gubar dalma. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Kowace sabuwar tashar sola da kowane gidan da ya sa wuta yana ƙara yawan matattun batira a gari. Ina roƙon a wajabta wa duk kamfanin da zai kafa tasha ya karɓi tsohon batir ya fitar da shi zuwa inda ake sarrafa shi bisa ƙa'ida, a buɗe wurin tarawa a kowace ƙaramar hukuma inda za a saya da farashin da ya kai na 'yan gwangwan, a kuma hana fasa batir a cikin gari. 'Yan gwangwan ɗin kansu a sa su cikin tsarin, su riƙa kawowa a rufe, domin sana'arsu ce kuma su suka san inda kowane batir yake.

Taki da maganin feshi ma suna bin ruwan ban ruwa su sauka ƙasa. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya ya ƙayyade cewa sinadarin naitiret, wanda ake samu a taki, kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma kuma kada ta wuce 0.01. A riƙa gwada ruwan kowane tankin gari sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina, a karanta sakamakon a masallacin Juma'a.

Game da manyan tashoshi masu cin fili, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, don haka alƙalaminka ne na ƙarshe. Filin da ake gani a taswira kamar ba kowa, sau da yawa burtali ne, ko mashaya, ko kwarin da ruwan sama ke taruwa ya shiga ƙasa. Idan aka kewaye shi da waya, shanu za su nemi wata hanya ta cikin gonaki. Faifai kuma suna son wanki, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke rufe su cikin kwana biyu, kuma lokacin ne ruwa ya fi wuya. A tambayi kowane kamfani daga ina zai ɗebo ruwan wankin, lita nawa, a rubuta. Dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a saurari jama'a. A yi wannan sauraro a cikin garin da abin ya shafa, da Hausa da Fulatanci, da Kanuri inda ake jin sa, a ranar da ba ta kasuwa ba, a kira arɗo, a kuma yi zama na daban da mata, tun da su ke ɗibar ruwan. Garin da ya ba da filinsa kuma ya zama shi ne na farko da zai sami wutar, famfonsa da asibitinsa a sahun gaba.

Na san za a ce wannan zai jawo jinkiri, masu zuba jari kuma ba sa son jira. Abin da nake nema aikin makonni ne: ma'aikacin ruwa da na gona da na lantarki da na lafiya su zauna a tabarma ɗaya da hakimi da masu unguwanni, su zana taswirar gari a takarda guda, ga rijiyoyin sha, ga iyakarsu, ga burtali, ga inda ambaliya ke kaiwa, ga inda za a sa faifai, ga inda za a tara batir. A manna kwafi a ƙofar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Yanzu kowace ma'aikata da nata aikin take zuwa, mai raba injin ban ruwa bai san inda mai haƙa burtsatsen sha ya haƙa ba. Kamfanin kirki zai fi son ya tarar da wannan takarda a ƙasa, don ta raba shi da rigima. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da rajistar ta zama hanyar karɓar haraji. Ranar da aka sa mata kuɗi, ranar manoma za su fara ɓoye rijiyoyinsu, kuma awon gaba ɗaya ya lalace.

Haka nan kula da kayan bayan an tafi. Faifai suna son shara, ɓarayi suna son faifai, injin da ke cikin rijiya kuma wata rana zai tsaya. A horar da matasa biyu ko uku a kowane gari su iya gyara, a bar kwamitin ruwa ya riƙa karɓar ɗan abin da ba zai gagari talaka ba a kan jarka, kuɗin ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. A sa mata cikin masu sa hannun.

Ranka ya daɗe, ba sai an fara da ƙananan hukumomi 27 a lokaci ɗaya ba. A zaɓi garuruwa kaɗan, wasu a Auyo da Kafin Hausa inda noman rani ya fi ƙarfi, wasu a Guri ko Kirikasamma cikin dausayi, wasu a ƙasar dutse ta yamma, a fara awon da taswirar kafin a shiga noman rani mai zuwa, domin awon farko dole a ɗauke shi a ƙarshen damina lokacin da ruwa yake sama. Idan an ga amfaninsa, majalisar dokoki ta mayar da shi doka. A garinmu akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da manoma da suka shirya riƙe littafin awon ba tare da albashi ba, kuma duk ranar da aka turo ma'aikata za su tarar da mu a ƙofar hakimi.

Allah ya taimake ka, ya ba ka mashawarta na gari, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kwarin Haɗeja, Jihar Jigawa.